Keke mai giyar ciki

Keke mai giyar ciki wani nau'in keke ne da aka ɓoye haƙoran giyarsa a cikin cibiyar tayar baya, wato gwangwanin ƙarfen da gatarin taya yake ratsawa. Ya bambanta da keke mai giyar waje, wanda ake ganin faifai masu haƙora a jere a gefen tayar baya, sarƙa tana tsallakawa daga wannan zuwa wancan. A keke mai giyar ciki, sarƙa tana tafiya ne a kan faifai ɗaya a gaba da ɗaya a baya, canjin giya kuwa a cikin cibiya yake faruwa, inda ƙura da ruwa ba sa saurin shiga.

An fi sanin irin wannan keke a matsayin abin hawan yau da kullum, na zuwa makaranta, kasuwa, gona da wurin aiki. Shi ne ya fi yawa a titunan biranen Holan, kuma yana da yawa a Denmak, Jamus da Japan. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ciki har da yankin Jibiya na Jihar Katsina, ana samun sa ne galibi a cikin tsofaffin kekunan Ingila da kuma kekuna 'yan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Japan. Yawancin kekunan dakon kaya na yankin giya ɗaya gare su.

Tarihi

An fara gwada sanya giya a cikin cibiyar taya tun ƙarshen ƙarni na 19. A shekarar 1898 aka fito da wata cibiya mai giya biyu a Ingila, wadda wani injiniya mai suna William Reilly ya tsara. A 1902 aka kafa kamfanin da aka sani da Sturmey-Archer a birnin Nottingham, ƙarƙashin Frank Bowden, mai kamfanin kekuna na Raleigh. Sunan ya samo asali daga Henry Sturmey da James Archer, duk da cewa masu binciken tarihin keke sun nuna Reilly ne ya yi yawancin aikin tsara cibiyar farko mai giya uku.

A Jamus, kamfanin Fichtel & Sachs na garin Schweinfurt ya fito da cibiyar Torpedo a 1903, wadda ake taka birkinta ta hanyar mayar da feda baya, daga bisani kuma ya ƙara mata giya. A 1936 Sturmey-Archer ya fito da samfurin AW mai giya uku. Wannan samfuri ya shafe shekaru fiye da sittin ana ƙera shi ba tare da wani babban sauyi ba, kuma shi ne aka fi samu a jikin tsofaffin kekunan Raleigh masu giya. Kamfanin Shimano na Japan ya fara ƙera tasa cibiyar mai giya uku a 1957, sannan a shekarun 1990 ya fito da jerin Nexus.

Daga baya harkar ta sauya hannu. Kamfanin SRAM na Amurka ya sayi sashen kekuna na Sachs a 1997, ya kuma daina ƙera giyar ciki a 2017. A shekarar 2000 kamfanin SunRace na Taiwan ya sayi Sturmey-Archer, aka kwashe aikin ƙera cibiyoyin daga Nottingham zuwa Taiwan. Wannan tarihi yana da tasiri ga mai gyara, domin kayan gyaran Sachs da SRAM sun yi ƙaranci, alhali na Sturmey-Archer da Shimano har yanzu ana ƙera su.

A ƙasar Hausa, keke ya yaɗu ne a zamanin mulkin mallaka ta hannun kamfanonin ciniki na Turawa. Tsofaffi suna kiran sa basukur, kuma sunan Raleigh ya shiga bakin mutane a matsayin Rali. Kamfanin ya taɓa samun masana'antar haɗa kekuna a Kano. Bayan haka kekunan Sin irin su Phoenix da na Indiya irin su Hero da Avon suka cika kasuwa saboda arha. Waɗannan duka an yi su ne a kan fasalin tsohon keken Ingila: babbar taya, birki na sandar ƙarfe, da giya ɗaya.

Yadda take aiki

Giyar ciki tana aiki ne da wani tsarin haƙora da injiniyoyi suke kwatantawa da rana da duniyoyin da ke zagaya ta. Sassansa guda huɗu ne:

• Rana: ƙaramin faifai mai haƙora da ke manne a jikin gatari, ba ya juyawa.
• Taurari: ƙananan faifai masu haƙora da ke birgima a kewayen rana.
• Keji: ƙarfen da ke riƙe da taurarin, yana juyawa tare da su.
• Zobe: babban da'irar ƙarfe mai haƙora ta ciki, wadda ta kewaye taurarin.

A cibiyar AW, rana tana da haƙora 20, taurari huɗu ne kowanne da haƙora 20, zobe kuma yana da 60. Saboda rana a tsaye take, duk lokacin da keji ya zagaya sau uku, zobe yana zagayawa sau huɗu. Daga wannan lissafi ne ake samun giya uku.

A giya ta ɗaya, ƙarfin feda yana shiga ta zobe ya fita ta keji, don haka taya tana yin kashi 75 cikin 100 na juyin faifan baya. Tafiya tana raguwa, amma taka feda yana sauƙi. A giya ta biyu, ƙarfin yana wucewa daga faifan baya zuwa jikin cibiya kai tsaye, juyi ɗaya ga juyi ɗaya. A giya ta uku, ƙarfin yana shiga ta keji ya fita ta zobe, taya tana yin kashi 133 cikin 100 na juyin faifan.

Abin da ke zaɓen hanyar da ƙarfi zai bi shi ne wani ɗan kuloci da ke zamewa a kan gatari. Wayar giya ce take jan sa ta hanyar wata 'yar sarƙa da siririyar sanda da ke shiga cikin ramin gatari ta ɓangaren dama. Akwai kuma wasu 'yan harsunan ƙarfe masu sifirin, waɗanda ke kama haƙoran jikin cibiya su tura taya gaba. Su ne ke yin ƙarar ƙyas-ƙyas da ake ji idan ana tafiya a giya ta biyu da ta uku, kuma wannan ƙara ba alamar lalacewa ba ce.

Cibiyoyi masu giya bakwai, takwas ko fiye suna amfani da wannan tsari ne ninki biyu ko uku, tare da rana fiye da ɗaya da ake kullewa ko a saki.

Nau'o'i

Ana auna faɗin giyar cibiya ne da yadda giya mafi nauyi ta ninka mafi sauƙi. Sanannun samfura sun haɗa da:

• Sturmey-Archer AW: giya 3, faɗin kusan kashi 177 cikin 100, nauyinta kimanin kilo ɗaya.
• Shimano Nexus mai giya 3: faɗin kusan kashi 186. Ita ce aka fi samu a kekunan cefane na Japan da ake kira mamachari.
• Shimano Nexus mai giya 7: faɗin kusan kashi 244.
• Shimano Nexus da Alfine masu giya 8: faɗin kusan kashi 307.
• Shimano Alfine mai giya 11: faɗin kusan kashi 409, an fito da ita a 2010.
• Rohloff Speedhub ta Jamus: giya 14, faɗin kashi 526. Tana da tsada ƙwarai, masu doguwar tafiya tsakanin ƙasashe ne suka fi amfani da ita.
• Enviolo, wadda a da ake kira NuVinci: ba ta da matakan giya, da ƙwallayen ƙarfe take aiki, ana murɗa ta a hankali daga sauƙi zuwa nauyi.

Wasu cibiyoyin suna haɗe da birki. Akwai birkin feda, wanda ya yawaita a kekunan Holan da Jamus, akwai kuma birkin ganga da ke rufe a gefen hagu na cibiya, wanda ake ja da waya.

Keke a yankin Jibiya

Jibiya ƙaramar hukuma ce a arewa maso yammacin Jihar Katsina, a kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane 169,748. Babbar hanyar da ta taso daga Katsina ta bi ta Daddara zuwa Magama, inda shingen kan iyaka yake, sannan ta shiga Nijar ta Ɗan Isa har zuwa Maraɗi. Wannan hanya tsohuwar hanyar fatauci ce tsakanin Kano, Katsina da Maraɗi, kuma Hausawa ne a ɓangarorin biyu, da dangantakar jini da ta aure da ta kasuwanci. Kogin Gada, wanda aka yi wa madatsar ruwa ta Jibiya, yana gangarawa cikin Nijar inda ake kiran sa Gulbin Maraɗi.

Abubuwa da dama sun sa tafiya da abin hawa mai shan fetur ta yi wuya a yankin cikin 'yan shekarun nan. A watan Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, kuma ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilun 2022. A watan Nuwamban 2019 Hukumar Kwastam ta hana kai fetur gidajen mai da ke tsakanin kilomita 20 daga kan iyaka, abin da ya shafi garuruwan bakin iyaka kai tsaye. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta kafa dokar daƙile matsalar tsaro, wadda ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a arewa, ya kuma haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an sake rufe iyakar, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe.

A irin wannan yanayi, keke yana da muhimmanci ga ɗalibi, malamin makaranta, ƙaramin ɗan kasuwa da manomin rani, domin ba ya buƙatar mai, kuma gyaransa ba ya cin kuɗi kamar na babur. Rufe iyaka da faɗuwar darajar naira a gaban sefa suna kuma taɓa farashin kayan gyara, tunda kusan dukkansu daga waje ake shigowa da su. Wannan ne ya sa kula da cibiyar da ake da ita ya fi neman sabuwa sauƙi.

Ƙasar yankin shimfiɗaɗɗiya ce galibi, ba ta da dogayen hawa. Abubuwan da ke wahalar da mai keke su ne rairayi a hanyoyin ƙauye, iskar hunturu mai ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu, zafin bazara da kan haura digiri 40, ruwan damina da ke cika kwazazzabai daga Yuni zuwa Satumba, da ƙaya irin ta tsidau, aduwa da bagaruwa. A nan amfanin giya mai sauƙi shi ne tashi da kaya, ratsa yashi da fuskantar iska.

Amfani da naƙasu

Babban amfanin giyar ciki shi ne a rufe take. Ƙurar da ke cinye faifan giyar waje ba ta samun hanyar shiga da sauƙi, kuma babu wani ƙarfe mai rataye da zai lanƙwashe idan keke ya faɗi ko aka ɗora shi a bayan mota. Ana iya canza giya ko da keke yana tsaye, abin da ke da amfani a shingen bincike da cikin cunkoson kasuwa. Sarƙarta mai kauri ce, tana tafiya a miƙe, don haka tana daɗewa, kuma ana iya rufe ta da marufin sarƙa wanda ke hana ta kama bakin wando, babbar riga ko zane.

Naƙasunta kuwa, ta fi cibiya mai giya ɗaya nauyi da tsada. Cire tayar baya domin faci ya fi ɗaukar lokaci. Wani ɗan kaso na ƙarfin mai tuƙi yana ɓacewa a cikin haƙora, sai dai a giyar da ke tafiya kai tsaye. Mafi girman matsala a ƙauyuka da ƙananan garuruwa ita ce ƙarancin kayan gyara da masu gyaran da suka saba buɗe ta. Sau da yawa idan ta samu matsala, akan cire ta ne a mayar da keken mai giya ɗaya, alhali abin da ya lalace bai wuce waya ko saiti ba.

Kulawa

Saita wayar giya

Yawancin matsalolin giyar ciki daga waya suke tasowa. Waya tana miƙewa da amfani, kuma duk lokacin da aka matsar da taya gaba ko baya saitinta yana canzawa. Idan saiti ya kauce, kuloci yana kama haƙora rabi da rabi, yana zamewa, yana cinye bakinsu.

A cibiyar AW, ana sanya madannin giya a lamba 2, sannan a leƙa ta ramin da ke jikin dogon notin dama. Ana murɗa abin saitin da ke haɗa waya da 'yar sarƙa har sai kafaɗar siririyar sandar ta yi daidai da ƙarshen gatari, sannan a ɗaure ƙaramin notin da ke kulle shi. Tsofaffin AW suna da wani gurbi tsakanin giya ta biyu da ta uku inda feda ke juyawa a banza. Idan saiti ya kauce, mai tuƙi yana iya faɗawa wannan gurbi yana tsaka da taka feda, kuma hakan yana kayar da mutum, musamman in ya miƙe tsaye a kan feda.

A Nexus mai giya 3, ana sanya madanni a lamba 2, a duba tagar ƙaramin akwatin da ke bakin gatari, a daidaita layin rawaya da alamar da aka yi masa. A Nexus mai giya 7 ko 8, ana sanya madanni a lamba 4, a murɗa abin saiti har alamomin rawaya biyu da ke kusa da faifan baya su yi layi ɗaya.

Wajen canza giya, ana sassauta taka feda na ɗan lokaci. Canza giya ana tsananin takawa yana rage kwanan cibiya.

Mai da giris

Tsofaffin cibiyoyin Sturmey-Archer suna da ƙaramar ƙofar mai a jikinsu. Ana ɗiga musu ɗigo biyu ko uku na man inji mai tsabta, marar kauri, lokaci zuwa lokaci. Man yana ratsawa ya fito ta gefe a hankali, yana wanko datti, shi ya sa ake goge jikin cibiya don kada ya gangara kan rim ya ɓata birki. Sababbin cibiyoyi, har da na Nexus, da giris na musamman ake rufe su tun daga masana'anta, sai an buɗe ake sabunta shi. Rohloff kuwa a cikin mai take iyo, kamfanin ya ce a canza shi bayan kowane kilomita 5,000 ko sau ɗaya a shekara.

Akwai abubuwan da ba a zubawa a cibiya. Man gyaɗa da sauran man girki suna daskarewa su zama kamar ƙaro, su manne harsunan ƙarfe. Baƙin mai da aka juye daga inji yana ɗauke da garin ƙarfe. Giris mai kauri na boris ɗin mota yana hana harsunan tashi, sai a taka feda taya ta ƙi tafiya. Ana iya wanke sassan da aka kwance da kananzir, amma sai sun bushe sarai kafin a sa sabon mai.

Ƙura da ruwa

Cibiya tana jure ruwan sama, amma ba a yi ta don nutsewa ba. Idan aka tsallaka kwazazzabo ko gulbi da ruwa ya kai gatari, ruwa da yashi suna shiga, tsatsa ta biyo baya. Ya fi kyau a ɗaga keken a kafaɗa. Haka nan ba a fesa mata ruwa mai ƙarfi irin na wurin wankin mota. A lokacin hunturu, ƙura ta fi taruwa ne a cikin rigar wayar giya, sai madanni ya yi tauri. Ana zare wayar, a goge, a ɗan shafa mata mai kaɗan. Wayar da ta fara tsintsinkewa canza ta ake yi.

Sarƙa

Tunda babu abin da ke jan sarƙa da kansa, ana daidaita ta ne ta hanyar matsar da taya baya. Ana barin ta da ɗan sassauci na kimanin santimita ɗaya a tsakiya. Sarƙa mai tsananin ɗauri tana cinye boris, mai sako-sako kuma tana faɗuwa. Tsakanin kowace ƙusa da ta kusa da ita a sabuwar sarƙa rabin inci ne, don haka tazara 24 suna ba da inci 12 cif. Idan awon ya kai inci 12 da kashi ɗaya cikin takwas, sarƙar ta ƙare, kuma barin ta yana cinye haƙoran faifai. A wuri mai yashi, mai kaɗan ake sa wa sarƙa sannan a goge na waje, domin mai da yashi in sun haɗu suna aiki kamar dutsen wasa wuƙa.

Cire tayar baya

Kafin a kwance taya, ana raba wayar giya da cibiya, a kuma kwance hannun birki idan akwai shi. Wajibi ne a lura da washa masu hana gatari juyawa. Saboda rana tana manne da gatari, gatarin yana ƙoƙarin juyawa duk lokacin da ake taka feda, waɗannan washa masu ɗan harshe ne ke riƙe shi a bakin firam. Idan aka manta da su, gatari yana juyawa ya buɗa bakin firam, ya nannaɗe waya. Zaren gatarin Sturmey-Archer ya bambanta da na sauran kekuna, don haka tilasta masa notin da ba nasa ba yana lalata shi. Ga ƙaramin huji, masu faci sukan zaro tiyub ta gefe ɗaya su like shi ba tare da an cire tayar ba, kuma wannan ya fi dacewa da irin wannan keke.

Boris

A cibiyar AW, ana ɗaure notin da ke danne boris na dama da yatsu, a mayar da shi baya rabin juyi, a kulle. Duk wani saiti bayan haka ta ɓangaren hagu ake yin sa. Ana barin ɗan motsi kaɗan da za a ji a bakin rim. Matse shi gaba ɗaya yana danne kayan ciki, har a ga feda tana juyawa da kanta idan ana tura keke.

Alamomin matsala

• Feda tana zamewa a giya ta biyu: saitin waya ya kauce.
• Keke ya maƙale a giya ɗaya: waya ta tsinke ko ta kwance. AW tana komawa giya ta uku in waya ta saki, yawancin Nexus masu giya 7 da 8 kuma suna komawa ta ɗaya.
• Feda tana juyawa taya ba ta tafiya a kowace giya: harsunan ƙarfe sun manne, ko sifirin ɗinsu ya karye.
• Ƙarar gurzawa: yashi ko tsatsa a boris.
• Zamewa a giya ta uku duk da saiti daidai: bakin kuloci ko ƙusoshin taurari sun cinye.

Inganta keke

Gyara mafi arha kuma mafi amfani shi ne canza faifan baya. Zoben sifirin ɗaya ne ke riƙe da shi, ana ɓanɓare shi da sukundireba. Yawancin kekunan Ingila sun zo da faifan gaba mai haƙora 46 da na baya mai 18. A kan taya mai inci 28, wadda kewayenta ya kai kimanin mita 2.23, juyin feda ɗaya yana tafiyar da keke mita 4.3 a giya ta ɗaya, 5.7 a ta biyu, da 7.6 a ta uku. Giya ta uku a nan ta yi nauyi ga mai ɗauke da buhun hatsi ko jarkokin ruwa. Idan aka sa faifan baya mai haƙora 22, lissafin yana komawa mita 3.5, 4.7 da 6.2. Ta haka giya ta uku ta zama ta tafiya a kan kwalta, ta biyu ta iska da kaya, ta ɗaya kuma ta yashi. Canjin yana buƙatar a ƙara wa sarƙa tsawo kaɗan. Kamfanoni suna gindaya iyakar girman faifan baya, domin in ya yi girma da yawa ƙarfin da ke shiga cibiya yana iya karya haƙora.

Ana kuma iya sanya cibiya mai giya a keke mai giya ɗaya. Wannan yana buƙatar a sake ɗinka tayar, kuma sai an duba abubuwa uku. Na farko, yawan ramukan cibiya ya yi daidai da na rim: tsofaffin kekunan Ingila suna da 40 a baya, yawancin na yanzu kuma 36. Na biyu, faɗin cibiya ya shiga tsakanin ƙafafun firam. Cibiya mai giya uku takan shiga tsohon firam, amma mai giya takwas ta fi faɗi. Firam na baƙin ƙarfe yana jure a ɗan buɗa shi, na alminiyam kuwa tsagewa yake yi. Na uku, bakin firam ya kasance mai tsawo ta yadda za a iya ja da taya baya a ɗaure sarƙa. Siraran ƙarafan da ke haɗa cibiya da rim su ma sai an samo masu tsawon da ya dace, domin cibiya mai giya ta fi ta da kauri.

Girman taya yana rikita masu saye. Lambar da ta fi tabbas ita ce faɗin rim a milimita, wadda ake rubutawa a gefen taya. Taya 28 × 1½ ta manyan kekunan dako 635 ce. Taya 26 × 1⅜ ta kekunan Japan da ƙananan kekunan Ingila 590 ce, kuma ba ɗaya take da inci 26 ta keken hawan dutse ba, wadda take 559. Kekunan Holan na zamani, irin su Gazelle da Batavus, galibi 622 suke, duk da cewa su ma ana rubuta musu inci 28. Tayar ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya.

Sauran abubuwan da ake ƙarawa sun haɗa da taya mai kauri da ke jure ƙaya, kariya mai ƙarfi da aka ɗaure a jikin firam, jigo mai ƙafa biyu don ɗora kaya, ƙararrawa, da fitila. Kekunan Japan da Turai da dama suna zuwa da dinamo a cibiyar gaba mai ba da wuta bolt 6, wadda ke kunna fitila ba tare da batir ba. Wannan yana da amfani a kan babbar hanya irin ta Katsina zuwa Jibiya, inda mai keke ke tafiya gefe ɗaya da manyan motocin kaya.

Sayen na hannu

Mai sayen keke ɗan gwanjo yakan ɗaga tayar baya, ya juya feda da hannu, ya gwada kowace giya, sannan ya hau ya gwada su da nauyinsa, domin wata zamewar ba ta bayyana sai an taka da ƙarfi. Ana duba ko madannin giya na kamfani ɗaya ne da cibiyar, saboda madannin Shimano ba ya aiki daidai da cibiyar Sturmey-Archer. Ana duba 'yar sarƙar giya ko akwatin bakin gatari, waɗanda su ne suka fi karyewa a lokacin lodi da sauke kaya, da washa masu hana gatari juyawa, da zaren gatari. A jikin tsofaffin cibiyoyin Sturmey-Archer na Ingila an buga samfuri da shekara da watan da aka ƙera su, abin da ke taimakawa wajen sanin shekarun keken.

Ga mai zama nesa da manyan kasuwannin Katsina, Kano ko Maraɗi, cibiya mai giya uku ta fi dacewa da mai giya bakwai ko takwas. Sassanta kaɗan ne, ana buɗe ta da sifana da guduma da ɗan ƙarfen bugu, kuma kayan cikin AW na shekaru daban-daban galibi suna shiga juna, ta yadda matacciyar cibiya ɗaya takan zama kayan gyaran wasu.